Asabar, 26 ga Oktoba 2024: Tseren Kona

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ya gota, amma barci ya ƙi zuwa. Gara in rubuta tun abin yana da zafi a raina.

Yau ma babu wuta, kamar sauran kwanakin makon nan. Tun da hantsi na kai wayata da ta ƙanena wurin mai caji, na ce ya cika min su dam, na kuma zuba data mai yawa, don na san daren zai yi tsawo. Yau ake tseren Ironman na duniya, ɓangaren maza, a garin Kona da ke babban tsibirin Hawayi. Tsakaninmu da su awa 11 ne. Sun faɗa ruwa ƙarfe 6:25 na safiyarsu, mu kuwa a nan Kano 5:25 na yamma ne, rana ta yi sanyi.

Kawu ya zo gaida Hajiya, da zai fita ya tarar da mu a ƙofar gida kan tabarma, mun jingina wayar a jikin buta mun zuba mata ido. Ya ce ƙwallo ne? Na ce a'a Kawu, tsere ne. Ya leƙa, sai ya ga kawuna birjik a cikin teku, hannaye suna ta dukan ruwa. Ya gyara babbar rigarsa ya zauna. Na yi masa bayani: za su yi iyo na kilomita 3.8, suna fitowa su haye keke su yi kilomita 180, suna sauka kuma su kama gudu na kilomita 42. Duka a wuni ɗaya, babu hutu, agogo ba ya tsayawa ko lokacin da mutum yake canza takalmi. Idan aka haɗa, kilomita 226 ke nan, kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To wa ya ɗora musu wannan?"

Babu wanda ya ɗora musu. Gardama ce ta haifar da shi, kuma wannan ne abin da na fi so a duk tarihin tseren. A 1977, a wurin rabon kyaututtukan wani tseren gudu a tsibirin Owahu, musu ya kaure tsakanin masu iyo da masu gudu kan su wa suka fi juriya. A wurin akwai wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy. Collins ya ce kada a manta da masu keke, don ya karanta cewa ɗan tseren keken nan na Beljiyam, Eddy Merckx, ya fi duk ɗan wasan da aka taɓa aunawa iya zuƙar iska da amfani da ita. Shi da matarsa sun taɓa shiga wani ƙaramin tsere mai haɗa iyo da keke da gudu a San Diyego a 1974, saboda haka abin ba baƙo ba ne a wurinsu. Sai suka duba abin da ke gabansu. Tsibirin yana da gasar iyo ta gaɓar Waikiki, yana da tseren keke na zagaye tsibiri wanda ake yi cikin kwana biyu, yana kuma da gudun fanfalaki na Honolulu. Suka ɗinke ukun wuri ɗaya, suka ɗan rage tsawon hanyar keken don ta ƙare daidai inda gudu zai fara. Collins ya ce duk wanda ya fara gamawa, shi za a kira Ironman.

Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka tsaya a bakin ruwa, 12 suka kai ƙarshe. Ba a rufe musu titi ba, motoci suna ta zirga-zirgarsu, kowa kuma shi ya nemo 'yan rakiyarsa da za su bi shi da ruwa da abinci. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Gordon Haller, direban tasi, cikin awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58. John Dunbar ne ke kan gaba har cikin gudu, sai ruwan 'yan rakiyarsa ya ƙare, suka riƙa miƙa masa giya, ƙafarsa ta fara harɗewa, ya ƙare a na biyu. Da na kai nan Kawu ya girgiza kai ya ce ai dama ba ta taɓa kai kowa ga alheri ba. Ya tambaya me aka ba wanda ya ci. Na ce ko sisi. Kuɗin kyauta bai shigo ba sai 1986.

Aka kira magariba suna dab da fitowa daga ruwa. Da muka dawo daga masallaci har sun hau kekuna, Sam Laidlow na Faransa, wanda ke riƙe da kambun bara, ya tsere wa kowa. Hanyar keken nan ko a ƙaramin allon waya tana da ban tsoro. Titi ne miƙaƙƙe mai sunan sarauniya Ka'ahumanu, hagu da dama baƙin dutse ne wanda tsauni ya amayo ya daskare, babu bishiya, babu inuwa, zafi yana tashi daga kwalta har hoton yana rawa. Suna tafiya har wani ƙaramin gari, Hawi, sannan su juyo. A can wajen ne iska ke bugowa daga gefe, mutum yana kwance a kan keke sai ka ga ta karkata shi. Akwai lokacin da aka matso da kyamara kusa da wani, gishirin gumi ya yi fari fat a gefen wandonsa, ya fizgi gorar ruwa daga hannun wata mai taimako ba tare da ya rage gudu ba, ya kurɓi kaɗan, sauran ya juye a ƙeya.

Ba a nan aka fara ba. Wata mata, Valerie Silk, wadda ragamar tseren ta koma hannunta, ita ta ɗauke shi daga Owahu a 1981 ta kawo shi Kona, saboda cunkoson motocin Honolulu ya yi wa masu keke yawa. Kafin nan abin ya fara suna. A 1979 Lyn Lemaire ta zama mace ta farko da ta gama, ta zo ta biyar a cikin kowa da kowa, kuma mujallar Sports Illustrated ta yi dogon rubutu a kan tseren na shekarar. A 1980 gidan talabijin na ABC ya zo da kyamarori, mahalarta suka haura 100, Dave Scott ya ci cikin awa 9 da minti 24.

Kawu ya tafi bayan isha'i, ya ce in faɗa masa wanda ya ci da safe. Tunda zaman keken awa huɗu ne, sai na nemo wa ƙanena hoton bidiyon Fabrairun 1982, don bai taɓa gani ba. Julie Moss, ɗaliba 'yar shekara 23, ta shiga tseren ne saboda binciken da take yi na kammala karatu. Ga ta tana kan gaba a ɓangaren mata, saura ƙiris ta gama, duhu ya shiga, sai ƙafafunta suka ƙi. Ta faɗi, ta tashi, ta yi 'yan taku, ta sake zubewa. Mutane sun kewaye ta, tana ture hannun masu son ɗaga ta. Tana ƙasa Kathleen McCartney ta zo ta wuce ta, ba ta ma san ta wuce ta ba. Julie ta ƙarasa da rarrafe, hannu da gwiwa a kan kwalta, daƙiƙa 29 bayan ta ɗaya. Ƙanena bai ce uffan ba har bidiyon ya ƙare. Ni kuwa duk lokacin da na kalla sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Wannan rarrafen, wanda miliyoyin mutane suka gani a talabijin, shi ya sa mutane suka yi ta tururuwar neman shiga, har daga 1983 aka ce sai wanda ya cancanta. Duniya ba ta san tseren ta hanyar wanda ya ci ba, ta hanyar wadda ta zo ta biyu ta san shi.

Manyan sunaye sun biyo baya. Dave Scott ya ci sau shida, Mark Allen ma sau shida. A 1989 su biyun sun yi wuni guda kafaɗa da kafaɗa, a ruwa, a keke, a ƙasa, sai da ya rage 'yan kilomitoci Allen ya ɓalle a wani hawa, ya ci da tazarar daƙiƙa 58. Amma wadda ta fi kowa, mace ko namiji, 'yar nahiyarmu ce: Paula Newby-Fraser, haifaffiyar Zimbabuwe wadda ta tashi a Afirka ta Kudu, sau takwas tsakanin 1986 da 1996. Ita ma sai da tsibirin ya kayar da ita. A 1995 tana kan gaba ta zube ana hango ƙarshen hanya, ta daɗe a zaune a gefen titi, daga baya ta miƙe ta taka a hankali ta zo ta huɗu. Shekara na zagayowa ta dawo ta ci.

Wajen ƙarfe 10:15 Laidlow ya sauka daga keke. Awa 3 da minti 57, ba a taɓa yin irin wannan a Kona ba. Patrick Lange na Jamus yana bayansa da wajen minti tara. Ƙanena ya ce an gama. Na ce masa ya dakata, a Kona ba a keke ake gamawa ba.

A wannan tsakanin ne wani abu da ya daɗe yana damuna ya sake taso min. Tun kafin a fara na yi ta kallon kekunan da ke jere a wurin da ake sauyawa daga iyo zuwa keke, fiye da 2,000, a cikinsu akwai waɗanda kuɗin guda ɗaya ya haura dala 10,000. Kuɗin shiga kaɗai ya wuce dala 1,000, a lokacin da dala ta haura naira 1,600. Kafin ma a kai nan sai mutum ya je wani tseren ya samo gurbi, kuma a nahiyarmu sai ya dangana da Afirka ta Kudu, ga jirgi, ga masauki. Na zuba ido cikin taron, da ƙyar nake hango baƙar fata. Abin da mutum 15 suka fara don raba gardama ya zama kadarar da ake cinikinta: Silk ta sayar da shi kan dala miliyan 3, a 2015 kamfanin Wanda na Sin ya saya kan dala miliyan 650, a 2020 ya koma hannun kamfanin Advance kan miliyan 730. Ba na ƙyashin kowa, kuma na san tsare lafiyar dubban mutane a cikin teku da kan titi ba a yin sa kyauta. Sai dai ina ganin da a yau Gordon Haller yake tuƙin tasinsa, da wuya ya iya tsayawa a bakin ruwan nan. Wannan yana min ciwo, don na san samarin da ke da ƙirjin yin wannan tseren, waɗanda ba za su taɓa jin labarinsa ba ma.

Garin ma abin ya fara fin ƙarfinsa. Annobar korona ta hana a yi a 2020, na 2021 kuma sai a watan Mayun 2022 aka yi shi a jihar Yuta ta Amurka, karo na farko a wajen Hawayi. A Oktoban 2022 aka gwada kwana biyu a Kona, mutanen gari suka koka da rufe hanyoyi da cunkoso. Shi ya sa aka raba: bara mata a Kona, maza a birnin Nis na Faransa, bana kuma aka juya. Ban ji daɗin rabon ba. Tun 1979 mata da maza suke shan rana ɗaya a kan titi ɗaya, kuma rabin abin da ake tunawa da shi a tseren nan mata ne suka yi shi.

Laidlow ya fara gudu da ƙarfinsa a titin Ali'i da ke bakin teku. Bayan hawan titin Palani, da aka koma kan babban titi, sai takunsa ya gajarce, kansa ya fara langaɓewa, ya riƙa tsayawa a wuraren ba da ruwa yana zuba ƙanƙara a cikin riga. Lange kuwa yana tafe kamar yanzu ya fito daga gida, kafaɗa a sake, ƙafa tana taɓa ƙasa tana tashi. Kafin a kai rabin hanya ya cim masa ya wuce. Wayata ta mutu suna gangarawa wani wurin binciken makamashi da ke bakin teku, inda ake cewa zafi ya fi tsanani, muka koma kan ta ƙanena muka rage hasken allo. Ƙarfe ɗaya da minti ɗaya Lange ya iso, awa 7 da minti 35 da daƙiƙa 53, yana ɗan shekara 38. Nasararsa ta uku ke nan, kuma shi ne dama ya fara sauka ƙasa da awa takwas a Kona a 2018. Magnus Ditlev na Denmak ya zo na biyu, Rudy von Berg na Amurka na uku. Laidlow bai janye ba, ya lallaɓa har ya ƙarasa can baya, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Yanzu haka da nake rubutu, mafi yawansu suna kan hanya. Malaman makaranta, likitoci, 'yan fansho, wasu ko daga keke ba su sauka ba. Awa 17 ake ba kowa, wanda ya wuce haka ko da daƙiƙa ɗaya ba a lissafa shi. Hiromu Inada na Japan ya taɓa rasa wa'adin da 'yan daƙiƙoƙi a 2015, ya dawo ya gama a shekarar da ta biyo, ya sake gamawa a 2018 yana ɗan shekara 85. Irin su nake so in gani. Na ƙarshe za su riƙa shigowa wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya na safiyarmu, saboda haka da an idar da sallar asuba zan mayar da wayoyin wurin mai caji, in biya ta gidan Kawu in kai masa sakamako.