Na tsare jan baki, ashe ɓarnar tana cikin robar mai

Ranar kamun 'yar yayana abin ya fara. Ina tsakar gida ina fama da rabon waina da sinasir, ban san an kwashe yaran gidan an shige da su ɗakin da mai kwalliya take gyara ƙawayen amarya ba. Da ta gama da manya ta ga da sauran lokaci, sai ta bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Can bayan la'asar wata budurwa ta dafa ni ta ce, "Umma, kin gan ni?" Wallahi sai da na sake dubawa. 'Yata ce, shekararta 11. An ja mata gira kamar da rula, an manna mata gashin ido na kanti, an dame fuskar da fandeshin har ta yi wa wuyanta nisa a haske. Ba zan kira sunanta ba, ko a gida ba na kira, 'yar fari ce.

Abbansu ya gan ta da ya zo ɗaukarmu. Har muka isa gida bai ce uffan ba, wanda ya san shi kuwa ya san gara ya yi faɗa. A daren na kafa doka: ba hoda, ba jan baki, ba jagira, sai ta gama sakandare. Na kwashe nawa na kulle a durowa, na kwanta ina jin na yi tarbiyya.

Hajiya, surukata, dariya ta yi da labarin ya kai mata. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya rambaɗa mata kwalli ranar suna? Ba ke ba ce?" Ta shiga ba ni labarin zamaninsu, yadda yarinya 'yar shekara bakwai take zana katambiri a kumatu, ta goga fure haƙora su yi ja, ta sha ƙunshi ta tafi dandali, ba wanda ya ce ta lalace. Ni ma ban manta Sallar yarintata ba: farar hoda har cikin gashin gira, ɗige-ɗigen kwalli a goshi, jan bakin Inna da muke dangwala da yatsa. Amma na ce wa Hajiya wancan daban, wannan daban. Har yau ina nan a kan haka. Waccan kwalliyar tana nuna yarinya a yarinyarta, ta gidan bikin kuwa ta mayar mini da 'ya matar aure. Inda na yi kuskure shi ne da na ɗauka adadin shekaru ne maganin abin.

Shekara biyu doka tana aiki, a ganina. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare na fara lura fuskarta tana washewa. Har daɗi na ji, na ce girma ne. Sai ƙananan ƙuraje suka feso mata a kumatu da gefen baki, in ta shiga rana fuskar ta yi jajir. Wata Asabar ina neman reza na zuge jakar makarantarta. A cikin gidan fensir na tarar da guntun jagira da wani jan baki da ya kusa ƙarewa. Na riga na ɗaga murya kafin hannuna ya taɓo wata 'yar roba a ƙasan jakar, irin wadda ake zuba man zafi, ba suna ba takarda. Wani mai ne fari mai yauƙi, da ƙamshi mai hawa kai.

Haɗi ne. Yayar wata ƙawarta ce take haɗawa tana sayar wa 'yan makaranta, ita kuma tana tara kuɗin tara tana saya. Wata biyar tana shafawa a bayi bayan ta fito wanka.

Abin kunya, a ranar faɗan jan bakin na fi yi. Sai da muka je wurin likitar fata jikina ya yi sanyi. Ta kama hannun yarinyar ta juya, ta nuna mini gaɓoɓin yatsu da suka yi duhu alhali bayan hannun ya yi haske. Ta ce tun da robar ba rubutu ba ta da hanyar sanin abin da aka zuba, amma alamun fuskar na man sitiroyid ne, irin wanda ake rubuta wa mai ciwon fata ya shafa na 'yan kwanaki. In aka daɗe ana shafa shi fata takan yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, wani lokaci har nankarwa. Ta ce masu haɗi kan zuba haidirokwinon, wanda in an jima ana amfani da shi yake barin baƙin tabon da ba ya fita da sauƙi, wasu mayukan kuma akwai makuri a ciki, shi kuwa ƙoda yake taɓawa. Ta gargaɗe mu cewa in an daina fuskar za ta fara ƙazancewa kafin ta gyaru. Haka aka yi. Kusan wata uku yarinyar nan tana jan hijabi har kan hanci.

Daga baya na ga alƙaluman da ake yawan ambatawa, na rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. A 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Da can in na ji irin wannan, matan Legas nake hangowa, ko zawarawa masu neman miji. Ban taɓa kawo 'yar aji biyu da ke kwana a ɗakin da ke jikin nawa ba.

Tambayar da ya kamata in yi tun daren biki, sai a lokacin na yi ta. Muna tsinke zogale, ban kalle ta ba, na ce, "Me kike so ki zama da kike shafa wannan abu?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce hoton ranar kamun nan ne, da aka tura a WhatsApp ƙawayenta suka gani, kowa yana cewa ashe ita kyakkyawa ce. Ba a taɓa ce mata haka ba sai ranar da aka shafe ta da launin da ba nata ba. Baƙa ce kamar Abbanta, ƙannenta kuma sun ɗebo haskena. Ta ce, "Ke ma Umma kina cewa in daina yawo a rana na ƙara baƙi." Na faɗa, ba sau ɗaya ba. Ban sami abin cewa ba, na ci gaba da tsinkar zogale.

A wannan zuwa asibitin ne kuma likitar ta leƙa idon jaririn da ke bayana ta tambayi wane kwalli nake sa masa. Na ce na dutse, na asali, daga Kasuwar Kurmi, Hajiya ce ma take niƙa mana ta ɗura a tandu. Ta ce shi wannan dutse mai ƙyalli sau da yawa ma'adinin dalma ne. Ta ba ni labarin wani jariri ɗan wata 6 a Boston ta Amurka, ɗan 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa a 2011, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Duk wanda ya san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito. Da na kai wa Hajiya maganar ta ce kwalli sunna ne. Na ce haka ne, ismid aka ambata, amma wa zai rantse abin da ke cikin tandunmu shi ne? Ba ta yarda ba, ba ta kuma sake sa wa yaron ba. Da ni da ita mun bar maganar a nan.

Ka ji fa. Shekara biyu ina gadin jan bakin da sabulu ke wankewa, alhali abin da ke shiga jini ni nake sa wa jariri da hannuna.

Da fuskar ta warke na soke dokar. Abbansu bai so ba, sai da na ce masa hanin da muka yi bai hana komai ba, ya dai hana mu gani. Yanzu abin da muke bi ba shekara ɗaya ba ce, kowane kaya da lokacinsa da wurinsa. Man leɓe da jan lalle, ko ƙanwarta mai shekara 9 tana yi. Dayis ne na hana kowa, tun da na ga yadda ya tashi hannun 'yar maƙwabta ya yi ruwa, zanen fulawar ya zauna mata tabo. Sinadarin rinin gashi ne a ciki, ba lalle ba. Hoda marar nauyi da jan baki mai sanyin launi, daga shekara 13 zuwa 14, ranar Sallah ko bikin dangi, kuma a gabana. Makaranta da Islamiyya fuska wankakkiya. Fandeshin, gashin ido da farcen roba sai an gama sakandare, nan kam ban sassauta ba. Kuma ba mai kwalliyar da za ta sake taɓa fuskar 'yata da soson da ta goga wa mutum goma.

Wani abin ma ba ni na koya mata ba. Malamarsu ta Islamiyya ce ta yi musu bayanin cewa jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce, lalle kuwa ba ya hanawa. Ita da kanta ta dawo ta ajiye kwalbar da gwaggonta ta ba ta.

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah na kai ta Sabon Gari sayen hodarta ta farko. Na koya mata duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, da gwada launi a gefen muƙamuƙi maimakon bayan hannu. Shago uku muka shiga ba mu sami kalarta ba. A na huɗu mai shagon ya miƙo wata da ta fi ta haske sosai, ya ce, "Hajiya, wannan za ta fito da ita." Na buɗe baki ke nan ta riga ni. Ta ce, "Malam, wadda ta yi daidai da ni nake so." Ya sunkuya ya yi ta tono a ƙasan kanta, ya fito da wata da ƙura ta rufe murfinta. Muka duba kwanan wata, da sauran shekara guda.

Da safen Sallah na zaunar da ita gaban madubina na nuna mata yadda ake karkaɗe burushi kafin a kai fuska. Hannunta na rawa, jan bakin ya ɗan zarce layi, na goge mata da gefen ɗankwalina. Ƙanwarta tana tsaye a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, ta ce, "Umma, ni yaushe?" Yayar ce ta amsa, ba ta ko juyo ba: "Zo in shafa miki man leɓe, ki nemo ɗaya takalmin, Abba yana ta hon."