Yawon neman gida da na sha a Zariya kafin mu tare a Palladan

Ni fa haifaffen cikin birni ne, tsakanin gidanmu da Ƙofar Doka ko minti goma ba ka yi a ƙafa, dan haka ranar da maganar tashi ta taso ko a jikina, nace ai Zariya a tafin hannuna take, sati ɗaya ma ya yi yawa. Toh sai da na kwashe sama da shekara ina wannan yawo.

Shagona a Samaru yake kusa da babban get na jami'ar ABU, fotokwafi da buga takardu da ɗaurin furojet na ɗalibai. Kullum da sassafe in hau mashin daga birni in bi Tudun Wada in haye gadar Kubanni in wuce PZ in ɓulla Kwangila sannan in miƙe titin Sakkwato har Samaru, da daddare kuma in sake kwaso ta a dawowa. Da can ban taɓa lissafa wannan tafiyar a matsayin kuɗi ba. Sai 2022 malaman jami'a na ASUU suka tafi yajin aikin nan na wata 8, daga Fabrairu har Oktoba, ɗan abin da na tara duk ya narke, ban gama farfaɗowa ba kuma a Mayun 2023 aka cire tallafin mai, sai ya zama kusan rabin cinikin safe a tankin mashin yake ƙarewa. Ga gidan namu gidan gado ne, ni da yayyena biyu kowa da iyalinsa ga Hajiya, ni da maman yara da yara uku a ciki da falo, da safe layin banɗaki kaman ana rabon taki. Matata Bakanuwa ce, kun san Kanawa da Zagezagi ba a rabuwa da tsiya, kullum sai ta ce wai mu sai mu yi digiri uku amma ba ma iya barin zauren kakanninmu.

Hajiya ba ta hana ba. Abu biyu kawai ta ce, kar in je inda in an kira ni da tsakar dare zan kasa zuwa, sannan in duba maƙwabci kafin in duba gida. Na ce toh Hajiya, amma gaskiya a lokacin tayil da fenti ne a kaina.

Samaru na fara dubawa tunda nan ne wajen nema. Na zaga Ɗanraka na zaga Hayin Dogo, kasuwa na kusa, kayan miya da sauƙi, shago kuwa ko a ƙafa ma sai in je. Matsalar ita ce hayar Samaru ɗalibai ne ke sa mata farashi, mai gida gara ya yanka gidansa ɗaki ɗai-ɗai ya zuba ɗalibai ya karɓi kuɗin kowa daban da ya ba mai iyali, kuma ban ga laifinsa ba ko ni ne haka zan yi. Wanda muka samu daidai aljihu tsakar gida ɗaya ne da samari shida, wani ya dawo sha biyun dare wani ya kunna kiɗa, maman yara tana leƙawa ta juyo ko magana ba ta yi ba. Shika kuma fili har fili, iska mai daɗi, haya da rangwame ga asibitin koyarwa a kusa, amma fa ka riga ka shiga ƙaramar hukumar Giwa, daga can zuwa Ƙofar Doka da daddare ba ƙaramar tafiya ba ce, sai maganar Hajiya ta faɗo mun. Na leƙa Gwargwaje da Ɗanmagaji da Wusasa, wani gida a Wusasa in ka tsaya a ƙofa ga dutsen Kufena nan kana kallo, wallahi ya shiga raina, sai dai in na zauna can Hajiya na matsa wa kusa, shagon yana nan inda yake, kenan an gudu ba a tsira ba. GRA kuwa wucewa kawai na yi na gaida itatuwa.

Sai a watan Fabrairun 2024 wani ejan ya kira ni wai ya samo mun wanda ba zan ƙi ba. Wata sabuwar unguwa ce can ciki in ka sauka daga kwalta ka yi ta gangarawa wajen rafi, ɗaki biyu da falo, banɗaki a ciki, kicin, tayil har tsakar gida, fenti sabo fil yana ƙamshi, kuɗin kuma bai kai na wancan gidan samarin na Samaru ba. Ejan sai cewa yake Alhaji mutum biyu na kan hanya da kuɗinsu in ba ka ajiye wani abu yau ba shikenan. Ni kuma da zumuɗi na zaro kuɗi na ba da kafin alƙalami, ko gida ban kira ba.

A hanyar fita na tsaya wajen wani mai shayi a bakin layin dan in ɗan sa wani abu a ciki, muna hira nake gaya mai ai na kusa zama maƙwabcinku, ya tambaye ni wane gida, da na kwatanta sai ya ɗan yi shiru yana ta fifita wuta, can yace Malam da dai ka bari Agusta ta yi ka dawo ka gani. Bai ƙara komai ba. Na koma da baya a ƙafa ina duba gindin katangun maƙwabta, sai ga wani layi na kore-kore ya bi su duka a tsayi ɗaya, ya kusa kai mun gwiwa, gidan da aka nuna mun ne kaɗai babu saboda shi an shafe da sabon fenti. Ashe da damina duk ruwan da ya taso daga tudu ta layin nan yake bi ya faɗa rafi, babu kwata babu lambatu, 'yan keke ma in ruwa ya sauka a bakin titi suke sauke mutum ko nawa zai biya. Na koma wajen ejan, bayan doguwar magana da haɗa shi da Allah rabin kuɗin ya dawo mun da shi, sauran wai an riga an ci. Har yau maman yara in tana son ta tsokane ni sai ta ce ina labarin gidanmu na bakin teku.

Daga nan na canza salo. Duk gidan da aka nuna mun sai na je sau uku ba tare da ejan ba, da sassafe lokacin da yara ke fita makaranta in ga ko ana samun keke ko sai an yi tafiya, da azahar, sannan bayan isha. Zuwan dare nan ne ake ganin gaskiyar unguwa, ko akwai wuta ko duk ƙarar janareta ce, su waye ke zama a kan kwana, akwai 'yan sintiri ko babu, in akwai nawa kowane gida ke bayarwa a wata. Tun abin da ya faru a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a 2021 da aka shiga aka kwashi mutane, duk mai neman gida a gefen gari tambayar tsaro ce farko a bakinsa, kuma ni na lura gidan ƙarshe wanda daga shi sai gonaki kullum shi ne mai araha, ba banza ba. Wuta ma yanzu ba a tsaya ga ana kawowa ko ba a kawowa ba, tunda aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024 ga 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, sai ka tambayi layin wane rukuni yake, akwai mita ko bil ake kawowa a raba, gida nawa ne a kan taransifoma ɗaya, in ta lalace kuma wa ke haɗa kuɗin gyara, dan amsar dai ku ne.

Ruwa kuwa 'yan ga-ruwa na koma tambaya. In ka ga kurarsu jere a bakin layi tun da asuba toh ka san me ake ciki. Ana ta maganar aikin ruwan Zariya da madatsar Galma, wasu unguwanni sun amfana, amma ba kowane layi famfo ke kaiwa ba, yawancin sababbin unguwanni rijiya ce da bohol, kuma rijiyar da ka leƙa a Oktoba ka ga ruwa har kana iya taɓawa da hannu ita ce a Maris da Afrilu guga zai dawo maka da taɓo. Wani gida da na so a kan tudu ɗan ga-ruwan layin da kansa ya ce mun da bazara kura biyu yake kai musu kullum, na zauna na buga kuɗin jarka a wata uku na haɗa da haya sai na ga ya zarce gidan da na ƙi saboda tsada. Tun daga ranar na daina tambayar nawa ne haya kawai, sai in ɗauko takarda in rubuta haya, la'adar ejan, man mashin, keken yara zuwa makaranta, ruwa, wuta, kuɗin sintiri, da na zuwa birni duk Juma'a, abin da ya fito a ƙasa shi ne kuɗin gidan.

Amma babban wautar da na yi wata da watanni ita ce ni kaɗai nake yawon nan, alhali ni kwana kawai zan riƙa yi a gidan, wadda za ta wuni a ciki tana birni tana jiran labari. Da muka samu wani a Palladan a cikin damina, a ranar ma an kwana ana ruwa, sai na ɗauko ta. Ina waje ina ƙwanƙwasa bango ina duba silin ko yana yoyo, ita ko kallon ɗakunan ba ta gama ba ta yi sallama gidan da ke kusa ta shige. Minti ashirin ta fito da abin da ni sati uku ba zan samo ba. Ta san rijiyar gidan tana ja baya da bazara amma akwai mai bohol a layi na biyu da ke barin mata su ɗiba da yamma, ta san islamiyyar da ake yabo da wadda yara ke zuwa wasa kawai, ta san inda injin markaɗe yake da kemis ɗin da ke kaiwa dare a buɗe, ta san waɗanda suka tashi daga gidan ba rigima ce ta tashe su ba nasu suka gina, har ta san mai gidan ba ya zuwa ƙwanƙwasa ƙofa kafin wa'adi. Ni duk tambayata da maza a majalisa amsar ɗaya ce, lafiya lau Alhaji unguwa ba matsala.

Gidan fa ba wani kyau ne da shi ba, siminti ne a ƙasa ba tayil, fentin ya koɗe, kicin ɗin in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito, kuma ya fi na bakin tekun tsada nesa ba kusa ba. Sai dai minti kaɗan ne a ƙafa zuwa titin Sakkwato inda ba ka rasa keke ko bas, shago ya dawo kusa, birni kuma bai yi nisan da zan kasa zuwa da dare ba. Na je na gaida mai unguwa, na yi sallar magariba da isha a masallacin layin kwana biyu, sannan na biya aka rubuta takarda da shaidu, a Satumba muka tare.

Abin da duk bincikena bai hango ba shi ne jirage. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan maƙwabtanmu tun 1964, na sani sarai, sau dubu nawa na wuce ta gaban get ɗinta, amma ban taɓa kawo cewa ƙananan jiragen nan na koyo a saman kwanonmu za su riƙa zagaye ba. Satin farko maman yara ta ce ga abin da Bazazzage ya zaɓo mana da duk lissafinsa na takarda. Yanzu ita ta daina ji ma, ƙaramin namu kuwa da ya ji ƙara zai bar abinci ya fita da gudu ba wando.

Hajiya sai bayan wata biyu ta zo ganin gida. Ba ta ce komai a kan ɗakunan ba, ta leƙa rijiya, ta sa aka raka ta gidan maƙwabta ta daɗe a can har na fara tunanin ko in aika a kira ta, da ta dawo sai ta ce a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta fasa komawa yau sai gobe.