Daga Lil, zuwa ga ƴan uwana na Damagaram

Salamu alaikum mutanen Birni da Zango da Sabon Gari, ina lahiya lau, a gaida su Inna. Tun da na zo Faransa tambaya guda ce kullum a WhatsApp, wai kai da ba ka gani yaya kake karatun jami'a? To yau zan amsa gaba ɗaya, in ba ku labarin sanyi kuma.

Da kunne nake karatu. Akwai NVDA a kwamfuta, kyauta ne, wasu makafi biyu ƴan Ostareliya suka yi shi, shi ke karanta mani abin da ke rubuce, a waya kuma TalkBack. Amma fa sai in rubutu ne da aka buga. In hoton shafi aka ɗauka ko aka yi sikan, ko da sunan shi PDF, muryar tsit take yi, daidai da ka miƙo mani farar takarda.

A nan tun 2006 doka ta yarda a juya littafi don makafi ba sai an roƙi mai shi ba, masu buga littattafai na ajiye ainihin rubutun a babban ɗakin karatu na ƙasa, ƙungiyoyin da aka amince da su su ɗauko su gyara. Abu ya yi kyau, amma dosiye wallahi sai mai haƙuri! Takardar likita, takardar zama ɗalibi, randebu, a ce ka dawo, kuma fom ɗin da za ka cika don a san ba ka gani shi ma sikan ne, sai da wani ɗan ajinmu ya zauna ya cika mani. Littafin tattalin arziki sati bakwai na jira shi, ya iso saura kwana goma jarabawa, jadawalin ciki duk a cakuɗe, lambobi na bin juna ba kai ba gindi. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye maku ba.

Duk da haka in na tuna ƙanwata tana karanta mani fotokopi da tocila in an ɗauke wuta, har muryarta ta dishe, sai in ce alhamdulillahi. Yarjejeniyar Marakesh ta 2013 ma ta buɗe hanyar musayar irin littattafan nan tsakanin ƙasashe.

Malamaina na gida, Allah ya ƙara girma, darasin nan da kuke bugawa a Word kafin a kai fotokopi, shi kanshi muke so. A tura ma ɗalibi makaho ta WhatsApp ko a kile na USB, ko dala ba ta fita. Ku ma ƴan Jami'ar André Salifou, in za ku saka darasi a gurup ɗin aji, ku tambaya ko akwai wanda hoto ba ya yi ma amfani.

Sanyi kuwa, in na sa safar hannu ba na jin sandata sosai, waya ma ba ta jin yatsana, in na cire yatsu su ƙage. Maganar cima sai wani jiƙon.