Ranar da na gode wa malamina da haushin kare

Ƙanwata ce ta ja mini. Na tura mata saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp kan yadda za ta riƙa ba Hajiya magani, sai ta amsa: "Yaya, wannan yapping ɗin fa?" har da alamar dariya. Ni kuwa na ɗauka nufinta bayani mai gamsarwa. Ban tambaya ba, wai kada yarinyar da na goya ta koya mini Turanci.

Bayan mako biyu muna darasi ta intanet. Malaminmu, wani dattijon Bature daga Ingila, ya shafe kusan awa guda yana warware mana wani lissafi mai wuya. Da ya gama kowa ya shiga rubuta godiya, ni ma na rubuta cewa mun gode da yapping ɗinsa na yau. Ajin ya yi tsit. Can sai wani ɗan Ghana ya turo mini saƙo a gefe, wai ko na san abin da na faɗa?

A daren na buɗe ƙamus. Ashe asalin yap haushin ƙaramin kare ne, siririn kukan nan na kwikwiyo mai huda kunne. Tun ƙarni na 17 kalmar take cikin Turanci, kuma sautin haushin aka kwaikwaya. Daga nan aka ara wa mutum mai zuba ba ƙaƙƙautawa. A Amurka har baki ake ce wa yap, idan za a gwasale mutum ya yi shiru. Wajen 2023 matasan TikTok suka sake raya ta, suka sassauta ta, har mutum kan kira kansa yapper yana dariya, kamar mu ce "ni dai akwai surutu".

Nan na zame. Tsakanin tsara wasa ce, amma ka jefa wa babba, daidai take da ce masa ya ishe ku da ɓaɓatu. Ba ƙarya take nufi ba, ba kuma gulma ba. Magana ce mai yawa da mai sauraro ke ganin ba ta da tsoka.

Na rubuta wa malam ban haƙuri, layi biyu kacal, don kada in sake aikata laifin. Ya amsa cewa matarsa ta daɗe tana gaya masa haka.