Saitin da ya goce da kunamar da ta yi tauri

Talata da dare, Kano.

Tun bayan sallar asuba na fita, hazo ya rufe gari har ba a hango Dutsen Dala. Yau ranar gwajin harbi ce ga sababbin kurata, ni kuwa da yake makamai ne a hannuna, duk wanda harsashinsa ya kauce wurina yake kawo ƙara.

Na farko ya zo rai a ɓace. "Oga Saje, wallahi bindigar nan ba ta da gaskiya." AKM ce, wato 'yar gidan AK-47, mai cin harsashi mai kaurin milimita 7.62, ta sha hannu. Kafin in taɓa ta na ce mu je in ga allon da ya harba. Harsasai huɗu sun taru wuri guda, tafin hannu zai rufe su, sai dai duk sun yi ƙasa, sun karkata hagu. Raina ya yi fari, domin wanda ya iya tara harsasai haka hannunsa lafiya lau. Da na duba tsinken saitin gaba, wato ɗan ƙarfen da ke saman bakin bindiga da ake auna harbi da shi, sai ga shi ya kauce daga alamarsa. Ina zaton buguwa ya yi a bayan mota.

Nan ne yara suke rikicewa kullum. Tsinken gaba bin harsashi yake yi: harsashi ya yi hagu, ka matsa da shi hagu, ya yi ƙasa, ka murɗa shi ya nutse. A nisan mita 100, murɗawa ɗaya cikakkiya tana ɗaga harsashi kusan santimita 20, matsawar milimita 1 a gefe kuwa santimita 26 ce. Shi ya sa ba na barin kowa ya buge shi da dutse. Sau biyu muka gwada, ta dawo hanya.

Kurtu na biyun ne ya tsaya mini a rai. Allonsa kamar an watsa gero, kuma ya dage kunama ce ta yi tauri, wai in ɗan goge masa ita ta yi laushi. Na ce masa, "Ɗana, wannan ba zan yi ba. Kunamar da aka goge tana iya tashi da kanta, ga ɗan'uwanka tsaye kusa da kai." Amma ban ƙaryata shi ba. Na cire gidan harsashi, na tabbatar ba komai a ciki, na buɗe murfin. Ƙurar hunturu ta haɗu da man da ya labta ta zama kamar kunu. Muka wanke, muka shafa mai kaɗan.

Duk da haka harbin bai taru ba. Sai na ɗauko tsohon kwabon da nake ajiyewa a aljihu, na ɗora a kan bakin bindigar, ba harsashi, na ce ya ja. Kwabo ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Ashe fizgar kunamar yake yi, har da runtse ido, tsoron ƙarar ya riga yatsansa. Na ce ya kafa ido a kan tsinken, ya saki rabin numfashi, ya matsa a hankali har ta tashi bai shirya ba.

A karo na bakwai kwabon ya zauna. Yaron ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba. Na bar masa kwabon, gobe ƙarfe shida zai dawo mini da shi mu ci gaba.