Asabar: ina bakinta?

Yau kwana goma sha ɗaya da fara ginar ramin pisin ɗin maigidana Abban Hanan, wato wurin iyo na cikin gida, kuma yau ne na fara shiga cikinsa da ƙafata. Da ban shiga ba da yanzu na yi nisa da barci.

Da safe kam lafiya lau na tashi, har da ƴar waƙa ina wanke kofunan shayi. Motar siminti ta iso tun bakwai da rabi, na Malbaza, buhu 100, direban ya sha fama kafin ya juya don yashin lungunmu na Kubiya ba ya raga wa babbar mota. Na tsaya da biro da kaye ina ƙirga buhu kamar mai gadin magaza, Malam Idi mai kula da aikin na gefe yana sake yi min karatun da ya yi min jiya, wai beton pisin ba irin na dakali ba ne, buhu 7 a kowane mita kib, kilo 350 kenan, da ƙarfe na 10 da na 12 da ya auno a Katako, da wani gari da ake zubawa cikin kwaɓi don kar ruwa ya riƙa tsatsafowa. Wai in an zuba sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma kamar shuka, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Na ce to. Ni dai buhu ɗari na gani, na sa hannu.

Hanan ta ƙi shan kunu. Rabi mai taya ni aiki ta fasa min murfin kular ƙanƙara, na yi kamar ban gani ba.

Wajen sha ɗaya rana ta fara dukan da ta saba na watan Afrilu, wayata na nuna 43, na haɗa ruwan ƙanƙara da bisap na kai wa masu gina. Mashin ginar ƙasa bai samu shiga ba saboda ƙofarmu ta yi masa kaɗan, da diga da shebur da baro sunka yi aikin duka, kuma da sunka wuce yashin sama sai sunka ci karo da marmara, kwana huɗu tana ba su wuya. Yau saura gyaran kusurwa kawai. Samarin sun kwanta ƙarƙashin dogon yaro, Baba Tanko shi kaɗai ya zauna bakin ramin yana kallon cikinsa kamar wanda ya yar da wani abu.

Ni fa tsohon nan tun ranar farko nake jin daɗinsa, don in ya buɗa baki sai in ji kamar ina Tawa tsakar gidan Inna. Mutumen wajen Ilela ne, Adaranci zalla, shekarun Yamai ba su taɓa harshensa ba. Na miƙa masa kofi ya shanye a tashi ɗaya, ya goge baki da hannun riga ya ce, ɗiyata in tambaye ki wani abu kar ki ji haushi. Na ce haba Baba, tambaya. Ya ce ramin ga da gaske ruwa za a sawo a zuba mai? Na ce ƙwarai, na pompo, in ya ƙi a kira sitan. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce shi ya fi shekara arba'in yana ginar rijiya, gaba ashirin, gaba talatin, ƙasa yake bi har ruwa shi hito ya same shi, bai taɓa ginar ramin da za a kai wa ruwa da kuɗi ba sai da tsufa ya zo. Ni ma na yi dariya, samarin ma.

Ya ce bido nawa shika ci? Wannan kam na san amsarta don na sha yin lissafin lokacin da nake gardama da Abban Hanan. Tsawo mita 8, faɗi 4, zurfi daga 1 da 20 ya gangara zuwa 1 da 80, in an daidaita ɗaya da rabi, lita 48,000 kenan. Bido mai 25, guda 1,920. Na ce masa in garuwa ne mai ɗauko goma a amalanke sai ya yi sawu 192. Ya riƙe haɓa bai ce komi ba. Na zata nan zai fara min wa'azin masu neman ruwan sha, har na shirya fuskata, don wa'azin nan na sha shi wajen Inna da Anti Zali har na haddace. Bai yi ba.

Sai ya ce, to ina bakinta?

Na ce bakin mi Baba? Ya ce bakin rijiyar mana. Na ce ai ba rijiya ba ce, karo za a shimfiɗa ya zagaye ta daidai da ƙasa, mutum ya taho yana tafiya ya tsunduma abinsa, haka ake yi, haka yake a hoton da Abban Hanan ya turo wa Malam Idi. Ya dube ni ya ce ɗiyata, rijiyar da bakinta bai wuce kamu uku ba, ba mu barinta sai mun ɗaga mata gini ya kai ƙugu, saboda ɗan akuya da ɗan mutum, wagga bakinta taki takwas ku ce a bar ta hakanan? Na ga yara cikin gidan ga.

Na fara ba shi amsa irin ta ƴan birni, ai akwai Rabi, ai ƙofar baya kullum a rufe take, ai za mu koya musu. Ya ce sabko ki gani. Na ce in sauka ina, da zanen nan? Ya ce tsanin na da ƙwari, ya ɗauki mai baro da yashi.

Ban san abin da ya sa na biye masa ba, wataƙila don samarin na kallo kar su ce matar gidan matsoraciya ce. Na tattare zane na sauka ta wajen marar zurfi, na bi gangaren a hankali har ƙarshe. Ramin ya fi yadda pisin ɗin zai kasance zurfi don ba a zuba tsakuwa da beton ƙasa ba tukuna, wajen nan ya haura mita 2, ni ko mita ɗaya da sittin ce in na miƙe sosai. Ba iska ko kaɗan, zafin ƙasar na fitowa daga bango kamar bakin tanda, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gidana ya ɓace. Ba na ganin taga, ba na ganin ƙofa, hatta rediyon Rabi da ke cika min kunne kullum sai na ji shi can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Jar ƙasa ta ko'ina, sama kuma fara fat. Na ɗaga hannu, da ƙyar yatsuna sunka taɓa gefen.

Ina cikin haka, hannuna a sama, sai ga kan ƙaramin ɗana Abdul ya leƙo.

Da biskit a hannu, ba wando, ya ce Mama. Yana tsaye daidai kan yashin da ke zubowa, har na ga ƴan ƙwayoyin na gangarowa daga ƙarƙashin yatsun ƙafarsa. Ban iya cewa komi ba, muryar ta maƙale. Baba Tanko ya miƙa hannu ba gaggawa ya kamo bayan rigarsa kamar mai ɗaga ɗan kyanwa, ya ɗora shi a cinya, ya karɓi guntun biskit ɗin da yaron ya miƙa masa ya ci. Abdul ko kuka bai yi ba, shi a wajensa wasa ne.

Ba abin da ya faru fa, kar wani ya kira ni. Amma ba wanda ya ji fitowarsa. Rabi ta ce ta zata yana wajen Hanan, Hanan ta ce ta zata yana wajen Rabi, ƙofar bayan da nake cika baki da ita ni da kaina na bar ta buɗe da na fito da kula a hannu biyu. Mu manya bakwai a wajen.

Da na hauro ƙafafuna na rawa, tsohon bai ce kin gani ba, da ma ya faɗa da na samu abin jin haushi. Tambaya ɗaya ya ƙara, wa ya iya ruwa cikin gidan? Na buɗa baki na rufe. Ni dai a Tawa na tashi, inda ko tabkin Babaye ka nufa da damina sai an bi ka da bulala da labarin aljanun ruwa, ruwan da ya fi zurfi da na taɓa shiga shi ne bahon wankan jego. Rabi ba ta iya ba. Mai gadi bai iya ba. Abban Hanan yana cewa ya iya, hujjarsa hoto guda a otal ɗin Lome da ruwa iya ƙirji yana riƙe da ƙarfen gefe, daga tafiyar nan ma ya dawo da ciwon pisin ɗin nan. Shekara tara muna Yamai, kogi na ratsa garin, iyakarmu da shi mu hango shi daga kan gadar Kennedy in za mu Harobanda.

Abincin rana dambu. Ban ci ba.

Kuran ya ɗauke ƙarfe biyu, na kwanta kan tabarma a falo ina ta latsa waya da sauran caji. Abin haushin shi ne wata uku na yi ina jayayya kan ramin nan kuma duk a kan kuɗi na yi ta. Na ce pompon tace ruwa sai ya yi awa da awa yana juyi kullum, da zafin nan ya fi rabin yini, ga wutar da ba ta zama. Na ce in ya tsaya kwana biyu uku ruwan ya koma kore sauro ya samu gidan haya. Na ce ƙurar hunturu, na ce ganyen dogon yaro, na ce kuɗin kulor kowane wata, na ce a watannin nan rana kaɗai na iya shanye kusan santimita ɗaya a yini, bido goma sha uku kenan sun bi iska ba wanda ya jiƙa ko ƙafa. Duk ya ba ni amsa, zai sa sola, zai sayi bashe a rufe. Ko sau ɗaya ban ce Abdul ba. Sai da mai ginar rijiya ya zo daga Ilela.

Na karanta cewa a Faransa tun 2003 doka ta tilasta wa mai pisin na cikin ƙasa a gidansa ya sa abin kariya, in shinge ne kar ya gaza mita 1 da 10, da ƙofar da ƙaramin yaro ba ya iya buɗewa. Na ga kuma hukumar lafiya ta duniya na cewa ƴan ƙasa da shekara 5 na cikin waɗanda ruwa ya fi ci. Wanda ya fi tsaya min shi ne yaro in yana nutsewa yawanci ba ya ihu ba ya fantsama ruwa yadda muke zato, shiru ne. Na ajiye wayar na je na leƙa shi, yana barci baki buɗe.

Bayan la'asar na yi wa Abban Hanan bokal, yana Maradi sai Talata. Na yi na goge sau uku don kar muryata ta fito kamar faɗa. Na ce a sa shingen ƙarfe ya zagaye ta duka huɗu, in an bar mita ɗaya na tafiya ta kowane gefe mita 32 ne, da ƙofa mai kulle kanta, kuma Malam Idi ya ce gara a yanke shawara kafin a zuba beton gefe don a dasa ƙafafun a ciki, in an bari sai an fasa karo daga baya. Ya maido min da dariya tukuna, sannan nasa bokal ɗin, wai Maman Hanan ke da tsoro, wai za ki maida min pisin kejin kaji, wai ba ya cikin debi, lissafin kuɗin aikin, Allah ne mai tsarewa. Na ce haka ne. Ban ba shi labarin leƙen Abdul ba, don na san inda maganar za ta koma, wa ya bar ƙofa buɗe.

Anti Zali ta kira kan ankon bikin Fati, na ce mata kowane ta zaɓa.

Da magariba masu gina sunka karɓi kuɗinsu, aikinsu ya ƙare, Litinin masu ɗaurin ƙarfe ne za su shigo. Na ƙara wa Baba Tanko jika biyu na ce na goro, ya yi ta sa albarka, ya shafa kan Abdul, ya saɓa digarsa ya fita. Ko waya ba ya da ita.

Yanzu ɗaya saura. Na kulle ƙofar baya, na jingina mata turmi, makullin na ƙulle a bakin zanena. Na fiddo ƴan kunnen da ban sawa na ajiye kan madubi, gobe in Allah ya kai mu zan biya wajen mai waldan bakin gudro in ji nawa mita 32 za ta ci, ko da Lahadi ce yana buɗewa da hantsi. Ɗazu na ɗauko mitar ɗinki na auna daga ƙasa zuwa ƙuguna, 95 ta ba ni, bai kai na Faransawan ba. Tsohon ya fi ni tsawo sosai, kuma ban tambaye shi ƙugun wa yake nufi ba.