Dutsen Kawu

Yau dai Kawu ya kawo dutsen nan da ya daɗe yana cika mana kunne da labarinsa, a ƙulle cikin ƙyalle. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗauko madubin naka ka duba min."

A bakin taga shuɗi ne mai duhun toka. Da na kunna kyandir a ɗaki sai ya rikiɗe ya koma shunayya. Kawu sai murmushi yake. Wani ya riga ya ce masa alizandarait ne, dutse mai daraja da ke sauya launi, irin wanda aka fara samu a tsaunukan Ural na Rasha a shekarun 1830. Ni ma sai da gabana ya faɗi. Amma na gaske, saboda sinadarin kuromiyam ɗin da ke cikinsa, daga kore yake tashi ya koma ja.

Na sa madubi mai ninka goma. Ga layuka a lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya, ga 'yan kumfa mitsi-mitsi. Dutsen da ya girma a cikin ƙasa layinsa a miƙe yake, da kusurwa. Lanƙwasar nan shaidar narkarwa ce da harshen wuta, dabarar da Bafaranshe Verneuil ya bayyana a 1902. Korandam ne na masana'anta, wato wani irin dutse dabam mai tauri, aka zuba masa sinadarin banadiyam don ya riƙa sauya launi.

"To nawa zai yi?"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, bai taka kara ya karya ba."

"Yana fa kankare gilashi!"

Na ce ai a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, taurinsa 9 ne, na gasken 8.5, wato jabun ma ya fi tauri. Na shiga bayanin abin da ke sa dutse daraja: ƙarfin sauyin launi, tsabtar ciki, nauyi, da inda aka haƙo shi. Bai bari na kai aya ba. "Kai yaro ne," ya ce, ya ƙulle abinsa. Ko takalmi bai gama sawa ba ya fice.

Wankin safe yana nan a jiƙe. Yaya ta kira sau biyu, na san zancen ne.

Fushinsa bai dame ni ba kamar inda zai nufa daga nan. Akwai masu ce masa na gaske ne, su karɓi kuɗin dubawa, su tura shi gaba. Gobe zan kira shi. In dai sai ya kashe kuɗi, to a kai ɗakin gwajin da ke ba da takardar shaida, ni zan raka shi.